Na haɗa kwamfuta da hannuna, na danna maɓalli ta yi shiru: bod ɗin ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya na haɗa da kaina: furosesa Ryzen 5 5600, madabod (wato bod, babban allon da duk kayan ke jonuwa a kansa) B450, RAM DDR4 guda biyu masu 8GB, katin girafik, da fawa fak (akwatin da ke raba wa kayan wuta) mai 550W wanda na saya na hannu. Na gama ɗaure komai, na danna maɓalli, shiru. Fanka ba ta motsa ba, ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Wani abokina ya ce bod ɗin ne ya mutu, in sayi wani. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, kada ka sayi komai. Ta yiwu abokinka ya yi gaskiya, amma ba a cewa bod ya mutu alhali ba a tabbatar wuta ta isa gare shi ba. A bayanin da ka yi, ba mu ma san ko wutar ta baro bango ba.

Ka kyauta da ka faɗi cewa ko fanka ba ta motsa ba, domin abin da mutane ke kira "ta ƙi tashi" matsala uku ce daban-daban. Akwai wadda ke yin tsit gaba ɗaya, irin taka. Akwai wadda fanka ke yin juyi ɗaya ko biyu ta tsaya, wani lokaci ka ji ɗan ƙas daga cikin fawa fak. Akwai kuma wadda fankoki ke ta gudu, fitilu na ci, amma sikirin baƙi ƙirin. Kowacce da inda ake neman ta. Taka ta fi tayar da hankali, amma a wajen masu gyara ita ce ta fi yawan ƙarewa a kan abu mai araha: fulogi, waya, ko maɓalli.

Kafin ka taɓa sukundireba, ina so ka fahimci abin da ke faruwa idan an danna maɓallin nan, don shi zai nuna maka inda za ka duba. Tun da Intel ta fito da tsarin ATX, wato ƙa'idar yadda ake ƙera bod da fawa fak, a 1995, maɓallin gaban kesin ya daina haɗa wutar bango ko yanke ta. Da zarar ka jona fawa fak a soket ka kunna makunnin da ke bayansa, zai fara fitar da 'yar wuta ta 5V a kan waya mai launin shunayya, wadda ake rubutawa 5VSB, ko da kuwa kwamfutar a kashe take. Wannan wuta kamar maigadi take, gida na barci shi idonsa biyu. Ita ke riƙe da ɗan ɓangaren bod da ke jiran a danna maɓalli. Shi kuwa maɓallin, aikinsa kawai ya haɗa fil biyu na bod, wato 'yan tsinkayen ƙarfe da ke tsaye a jikinsa, na ɗan lokaci. Idan bod ya ji an haɗa su, sai ya sauke koriyar waya mai suna PS_ON zuwa 0V, wato ya haɗa ta da layin baƙaƙen wayoyi. Wannan shi ne umarnin da fawa fak ke jira kafin ya saki manyan layukansa, 12V da 5V da 3.3V. Idan suka tsaya daidai, cikin abin da bai wuce rabin daƙiƙa ba sai ya aika wa bod alama ta waya mai ruwan toka, PWR_OK, cewa wuta ta zauna. Sai a nan furosesa ke fara aiki.

Ka ga ke nan hanya ce mai zango-zango: bango, fawa fak, 5VSB, maɓalli, koriyar waya, manyan layuka. Shirun da ka ji yana nufin an tsaya a ɗaya daga cikin zangunan farko. RAM, SSD (ma'ajiyar fayiloli), da katin girafik duk suna can gaba, don haka kada ka ɓata lokaci a kansu yanzu.

Fara daga bango. Cire ekstanshin, cire sitabilaiza, cire UPS, ka jona kwamfutar kai tsaye a soket ɗin da ka gwada da fanka ko dutsen guga ka ga yana aiki. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Nijeriya yana da fiyus a cikinsa, kuma wannan fiyus ɗin yakan ƙone ba tare da alama a waje ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauko wayar wutar sikirin, in bakinsu iri ɗaya ne, ka gwada da ita. Ka tura ta sosai a bayan fawa fak, domin tana iya shiga rabi ta tsaya. Sannan makunnin baya: gefen da aka rubuta I shi ne kunne, gefen O shi ne kashe. Ka duba da idonka, kada ka ce ai na tuna na kunna.

Tunda fawa fak ɗinka na hannu ne, akwai abin da ya fi damuna. Tsofaffin fawa fak da masu araha suna da wani ɗan jan makunni a baya da ake turawa tsakanin 115 da 230. Wutarmu 230V ce. Wanda aka yi amfani da shi a Amurka yakan zo a kan 115, kuma idan aka jona shi a haka a wutarmu, nan take yake ƙonewa, sau da yawa da ƙara da wari. Idan naka yana da wannan makunnin, duba inda yake kafin ka sake jona shi. Idan ba shi da shi, karanta takardar da ke manne a jikinsa. Wanda aka rubuta 100-240V yana jure raunin wuta sosai. Wanda aka rubuta 200-240V kawai yana iya ƙin tashi idan wutar unguwa ta yi ƙasa, irin lokacin da kwan fitila ke yin ja. Haka kuma wasu fawa fak na zamani ba sa shiri da ƙananan inbata da UPS waɗanda wutarsu ba tsantsar sayin web ba ce, wato ba ta da santsi irin wutar kamfanin lantarki. Shi ya sa nake so gwajin farko ya kasance a kan wuta mai kyau, kai tsaye.

Idan bango lafiya, sai ka kashe makunnin baya, ka zare waya, ka buɗe kesin. Kafin ka sa hannu a ciki, taɓa ƙarfen kesin ɗin. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki yana tara tartsatsin da ke isa ya lalata kayan bod, musamman in mutum yana zaune a kan kafet ko sanye da rigar sanyi ta roba.

Wayoyi biyu ne ke kai wa bod wuta. Babbar mai ramuka 24 tana da tauri ƙwarai idan bod sabo ne, kuma wanda ya fara haɗawa yakan ji tsoron dannawa kada ya karya wani abu, sai ya bar ta a karkace. Sa yatsu a ƙarƙashin gefen bod ka tallafe shi, ka danna har maƙalin robar ya kama. Idan kana hango tazara ko kaɗan tsakanin bakin wayar da mazauninta, ba ta zauna ba. A wasu fawa fak wannan wayar rabe take, 20 da 4, kuma ƙaramin ɓangaren yakan zame yayin turawa. Ta biyu ita ce mai ramuka 8 da ke can saman bod ta hagu, kusa da furosesa, wadda ake rubuta CPU_PWR ko ATX12V ko EATX12V a gefenta. A nan ake yawan rikicewa, domin wayar katin girafik ma ramuka 8 gare ta. Ta furosesa tana rabewa 4 da 4, ana rubuta CPU a jikinta. Ta katin girafik tana rabewa 6 da 2, ana rubuta PCI-E ko VGA. Jerin 12V da 0V a cikinsu ba ɗaya ba ne, kuma duk da an yi bakinsu yadda ba za su shiga mazaunin juna cikin sauƙi ba, mai ƙarfin hannu yana iya cusawa. Idan aka cusa, fawa fak zai ga shot, wato layukan wuta da bai kamata su haɗu ba sun haɗu, ya ƙi bayar da wuta.

Idan fawa fak ɗinka irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne daga jikinsa, duba wancan bakin ma. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa haɗa wayar wani fawa fak da wani, ko da bakin ya shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga bod kowa ya bi ƙa'ida ɗaya, amma ɓangaren da ke shiga fawa fak kowane kamfani da nasa jeri, wani lokaci har a cikin kamfani ɗaya jerin ya bambanta. A kayan hannu wannan haɗari ne na gaske, don mai sayarwa yana iya tsinto wayoyi daga kwali ya cika maka. Waya ɗaya da ba tasa ba ta isa ta ƙona SSD ko bod.

Yanzu mu zo inda na fi zargi. A ƙasan bod ta dama akwai wani rukunin ƙananan fil da wayoyin gaban kesin ke shiga. Kowane kamfanin bod da sunan da yake ba shi: MSI na kiran sa JFP1, Gigabyte na rubuta F_PANEL, ASUS na rubuta PANEL ko F_PANEL. Wayoyin sirara ne, rubutun ƙanana ne, wurin kuma duhu ne, ga shi fil ɗin a matse suke. Kuskuren fil ɗaya tak ya isa maɓalli ya zama ba ya magana da bod. Buɗe littafin da ya zo da bod ɗinka, ko ka sauke shi daga shafin kamfanin, ka nemi fil biyun da aka rubuta PWR_SW ko PWRBTN ko PW. Wayar da aka rubuta POWER SW ce ke shiga nan, kuma ba ruwanta da gaba ko baya. Na fitilu ne, POWER LED da HDD LED, ke da + da -, su ma in an juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba.

Don ka fitar da maɓallin kesin daga zargi, zare duk waɗannan wayoyin. Mayar da wuta, kunna makunnin baya, sannan ka ɗauki sukundireba mai faɗin baki ka taɓa fil biyun PWR_SW a tare, daƙiƙa ɗaya, ka ɗaga. Ba abin tsoro a nan, wutar da ke wurin ba ta wuce 5V ba, sai dai ka tabbatar waɗannan biyun kaɗai ka taɓa. Idan fankoki suka tashi, bod ɗinka yana raye, matsalar tana ga inda ka sa wayar ko ga maɓallin kansa. Maɓallin da ya lalace kuwa, kana iya jona wayar RESET SW a madadinsa ka riƙa kunnawa da shi kafin ka gyara.

Idan ka taɓa fil ɗin har yanzu shiru, sai mu gwada fawa fak shi kaɗai. Kashe shi, zare shi daga bod da duk sauran kayan. Lanƙwasa kilif ɗin takarda ko ɗan guntun waya, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin baƙar waya da ke maƙwabtaka da ita. Koriyar guda ɗaya ce tak, tana rami na 16, kuma na 15 da na 17 da ke gefenta duka baƙaƙe ne. Idan wayoyin naka duka baƙi aka yi su, kada ka yi kirdado, nemo zanen ramukan ka ƙirga da kyau a layin da maƙalin yake. Jona fankar kesin guda ɗaya in kana da mai shiga fawa fak kai tsaye, sannan ka kunna. Abin da ka yi shi ne ka ba shi umarnin da bod ya kamata ya ba shi. Idan babu abin da ya motsa, fawa fak ya mutu, ka gano ɓarawonka. Sai dai ka lura, wasu na zamani ba sa juya fankarsu in babu nauyi a kansu, shi ya sa na ce ka jona wata fankar.

Juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, shaidar rai ce kawai. In kana da mita, ko maƙwabcinka mai gyaran rediyo yana da ita, auna. Baƙin tsinken mita a ramin baƙar waya, jan tsinke a kan wadda kake aunawa. Rawaya ta ba ka tsakanin 11.4V da 12.6V, ja tsakanin 4.75V da 5.25V, mai ruwan lemo kusa da 3.3V, kada ta sauka ƙasa da 3.14V ko ta haura 3.47V. Mai launin shunayya, rami na 9, ta nuna 5V tun kafin ka sa kilif. Mai ruwan toka, rami na 8, ta hau bayan an kunna. Idan 5VSB babu ita, duk danna maɓallin duniya ba zai yi komai ba. Ko da duka sun yi daidai, tsohon fawa fak yana iya durƙushewa idan aka ɗora masa nauyi, don haka gwajin da ya fi kowanne shi ne ka aro wani da ka san yana aiki, tare da wayoyinsa.

Kada ka buɗe fawa fak. Manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe da wuta da ta kusa 400V, kuma suna iya ci gaba da riƙe ta bayan an zare shi daga bango. Wannan ba wurin koyo ba ne.

To, a ce fawa fak ya tsallake gwaji. Abin da ya rage shi ne ka fitar da bod daga kesin gaba ɗaya. Na san da ciwo mutum ya kwance abin da ya ɗaure da kyau, amma wannan matakin yana warware matsaloli da yawa a lokaci guda. Bod ba ya zama a kan ƙarfen kesin kai tsaye, yana hawa ne kan wasu 'yan turaku na tagulla da ake ɗaurawa daidai da ramukansa. Cikakken bod na ATX yawanci tara yake buƙata, ƙaramin micro-ATX kuma ramukansa ba duka suke faɗawa wuri ɗaya da na babban ba, ga shi B450 da yawa micro-ATX ne. Idan turke ɗaya ya rage a inda bod ba shi da rami, zai taɓa layukan bayan bod ya yi shot. Haka sukurun da ya faɗa ƙarƙashi, haka 'yan harsunan ƙarfe na murfin baya da ke lanƙwashewa su shige ramin USB ko HDMI. Fawa fak mai kyau idan ya ji shot yana kashe kansa, wani ma ba ya sake amsawa sai an zare shi daga wuta an ɗan jira.

Ɗora bod a kan kwalinsa, ba a kan ledar da ya zo a ciki ba, ba kuma a kan ƙarfe ba. Bar furosesa da fankarsa a jone a CPU_FAN, RAM guda ɗaya a ramin da littafin ya ce, galibi A2, na biyu daga wajen furosesa, sai waya mai 24 da mai 8. Cire katin girafik, SSD, wayoyin USB na gaba, da fitilun ado. Taɓa fil biyun nan. Idan ya tashi, ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta kafin kowanne, har ka kai ga wanda ke kashe shi. Ka lura da fitilun ado musamman: akwai mai fil 4 na 12V, akwai mai fil 3 na 5V, kuma sa na 5V a mazaunin 12V yana ƙona su. Wayar USB 3.0 ta gaba, mai kauri ɗin nan, ita ma tana yawan lanƙwasa fil idan an tura ta a karkace.

Idan a kan kwali ma shiru, zare wuta ka cire batirin bod, CR2032 mai 3V, na wasu mintuna, ka mayar, ka sake gwadawa. Sannan ka cire furosesa ka duba shi. Ryzen na AM4, wato irin mazaunin furosesa da ke bod ɗinka, ƙafafunsa 1331 a jikinsa suke, ba a cikin mazaunin bod ba kamar na Intel da na sabon mazaunin Ryzen, AM5. Ɗaga shi a haske ka bi layukan da ido, duk ƙafar da ta kwanta za ta fita daga sahu. Wajen cire fankar, ka ɗan murɗa ta hagu da dama kafin ka ja, domin a AM4 man da ke tsakaninsu yana iya fizgo furosesan daga mazauninsa. Wajen mayarwa, alamar kusurwa uku da ke jikin furosesa ta dace da ta mazaunin, ya faɗa da kansa ba tare da dannawa ba, sannan ka sauke sandar.

Akwai abubuwa biyu a kayan da ka lissafa da nake so ka sani tun yanzu, don ina tsammanin za ka ci karo da su da zarar wuta ta kama. B450 ya fito a 2018, jerin Ryzen 5000 kuma sai a ƙarshen 2020, shi 5600 ɗin ma a 2022. Bod ɗin da ya daɗe a shago ko a hannun wani yana iya kasancewa da tsohon BIOS, wato manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, wanda bai san wannan furosesan ba. Alamarsa fankoki su juya, sikirin ya ƙi kawowa, kuma in bod ɗin yana da 'yan fitilun bincike huɗu da aka rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT, ta CPU ta tsaya a kunne. Maganinsa sabunta BIOS. Wasu bod suna da maɓalli a baya, Flash BIOS Button a MSI, Q-Flash Plus a Gigabyte, BIOS FlashBack a ASUS, da ke ba ka damar yin haka da filash da aka tsara a FAT32 ba tare da furosesa ya tashi ba. Wanda ba shi da shi, sai an aro tsohon Ryzen an yi da shi. Na biyu, 5600 ba shi da girafik a cikinsa, ba kamar 5600G ba. Ramin HDMI na jikin bod ba zai ba ka hoto ba, dole wayar sikirin ta shiga katin girafik.

Wannan maɓallin na BIOS, in bod ɗinka yana da shi, yana da wani amfani a halin da kake ciki: da 5VSB yake aiki. Idan ka sa filash mai fayil ɗin da ya dace ka danna, fitilarsa ta fara ƙyaftawa, ka san wutar jira tana shiga bod kuma wani ɓangarensa yana raye. Sai dai in ya fara, ka bar shi ya gama, kada wuta ta yanke a tsakiya.

Sai idan ka gwada da fawa fak na aro da aka tabbatar da lafiyarsa, bod yana kan kwali, kayan da ke jikinsa ba su wuce furosesa da RAM ɗaya ba, ƙafafun furosesa a miƙe, ka taɓa fil ɗin PWR_SW har yanzu ko fanka ba ta motsa ba, a nan ne maganar abokinka ta samu gindin zama. Ko a nan ɗin, in da hali a gwada furosesan a wani bod na AM4 kafin a yanke hukunci, ko da yake furosesa bai cika mutuwa haka kawai ba. Shinshina bod ɗin, duba gaba da baya ko akwai tabon ƙuna ko ƙarzanen sukundireba kusa da ramukan sukuru. Ɗauki hotunansa a haske tun kafin ka mayar wa mai shago, ka tafi da rasit da kwalinsa, kuma ka nemi ya jona shi a gabanka da nasa fawa fak ɗin.